Itacen da na saya wa Fandit

Lokacin garinmu Abuja ake kiransa, ba a mayar da shi Suleja ba. Ina koyar da Hausa a wata sakandare, kuma maƙwabcina a gidajen malamai Ba'indiye ne mai koyar da lissafi. 'Yan uwansa Indiyawa ba sa kiran sunansa, sai su haɗa tafuka su ce Fandit, wani lokaci Fanditji don ƙarin girmamawa. Na taɓa tambayarsa ma'anar. Ya ce kamar malam ne a wurinmu, masanin littattafan addininsu da ake nema ranar aure da ranar mutuwa.

Wata safiya ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Malamin kimiyya, Ba'indiye shi ma, ya mutu da zazzaɓi, kuma babu halin kai gawar ƙasarsu. Hukuma ta ba su wuri a daji, amma itace Fandit yake nema, mota guda. Ƙona shi za su yi.

Idan gari ya ji da hannuna a ƙona mutum, wa zai sake tsayawa kusa da ni a sahu? Amma na kasa ce masa a'a.

Na sayi itacen a wajen matan ƙauye, ta hanyar ƙauyen Chaza.

"Malam, bikin wa ake yi haka, ba gayyata?" in ji direban akori-kurar da na ɗauka haya.

Da muka isa dajin ya hango gawa cikin farin ƙyalle a ƙasa, ya zube itacen, ya juya motarsa yana salati.

Na tsaya nesa. Fandit ya tuɓe takalmi, ya fara karatu. Da ya gama, aka kunna wutar. Daga baya ya gaya mini bai taɓa yi ba, mahaifinsa kawai ya sha gani yana yi.

Kafin la'asar labari ya riga ni gidanmu na cikin gari. Baba ya aika a kira ni zaure. Na durƙusa, ban iya ɗaga kai ba.

"Kai ka kunna wutar?"

"A'a, Baba."

"Shi malamin nasu, maƙwabcinka ne?"

"Katanga ɗaya."

Ya daɗe yana jan carbi.

"Tashi ka yi wanka, kana warin hayaƙi. Magariba tare za mu tafi masallaci, ka tsaya a gefena."