Baba Ilu da Gurasar da Ta Ɓace Masa

Duk wanda ya san kakana Baba Ilu na Getso ya san ba a miƙa masa gurasa ya kai baki kai tsaye. Sai ya juya ta ya duba bayanta, wajen da ta manne da tanderu, ya shinshina, ya danna da babban yatsa kamar mai duba nunar mangwaro. Sannan ya zaro 'yar wuƙarsa daga aljihu ya tsaga cikinta, ya jera tsire, ya barbaɗa yaji, ya gatsa. Ya tauna, ya tauna, ido a lumshe. Can sai ya girgiza kai.

"Ba ita ba ce."

Amma fa sai ya cinye tas! In aka ce, "Baba, ai ka ce ba ita ba ce," sai ya ce, "To laifin me ta yi min da zan wulaƙanta ta?"

Wadda yake nema tana da tarihi. Yana sabon ango ya kai kakarmu Inna Kande birnin Kano sayen keken ɗinki, Inna da ko ruwa ba ta sha a gaban mutane saboda kunya. A hanyarsu ta zuwa tasha ya sayi gurasa da tsire wajen wani mai nama. Bai riƙe sunan mutumin ba, bai riƙe unguwar ba, ɗanɗanon kawai ya riƙe. Inna tana raye, labari yake bayarwa mu yi dariya. Da ta rasu sai abin ya zama aiki. Ya ce, "Ba zan bi ta ba sai na sake cin gurasar nan, in sami labarin da zan kai mata."

Lokacin ina karatu a jami'a a Kano, don haka ni ya kama. Ranar Asabar da hantsi sai waya ta yi ƙara.

"Amarya, ina bakin ƙofar makarantarku. Fito, yau Fagge za mu."

"Tsoho, ina da jarrabawa fa."

"Ni ma ita nake yi tun kafin a haifi ubanki. Fito!"

Mun bi masu nama har na daina sanin ƙamshin turarena. Wannan yajinsa ya cika citta, wancan ya jiƙa gurasar da ruwa har ta zama fate, wancan kuma albasarsa ta kwana. Wani mai tsire a bakin tasha, mutum mai fara'a, shi Baba ya fi yi wa wulaƙanci. Ya gatsa sau ɗaya ya ce, "Ɗan nan, ka taɓa tunanin sana'ar faci?"

Wata rana ya yanke hukunci cewa matsalar daga wuta take, wai matan yanzu da karan masara suke gasa gurasa. Wallahi sai ga shi da damin karan dawa daga gonarsa, an ɗaure a saman mota tun daga Gwarzo. Muka shiga lungunan Jakara, dami a kan mai baro, shi a gaba da sanda. Ya tsaya a zauren wata tsohuwa mai gurasa ya tura ni ciki da saƙo. Na koma, na dawo, na sake komawa: da me take kwaɓi, yaushe take kwaɓawa, tanderun gado ta yi ko saya. Tsohuwar ta gaji ta leƙo da kanta, hannu duk fulawa.

"Malam, in aure ka zo nema ka fito fili, ka bar wahalar da yarinya!"

Baba ko a jikinsa. Ya ce, "Hajiya, gasa tukuna. In ita ce, gobe za a kawo goro."

Ta gasa da karan nasa. Ya ci. Ba a kai goro ba.

Yayana Nura ya ce shi zai kawo ƙarshen zancen, ya ɗauke mu zuwa wani gidan abinci na zamani mai sanyi kamar randa, ya sa aka kawo shawarma. Baba ya warware ta a hankali, ya ɗaga fallen gurasar ya hango fitila ta cikinsa.

"Innalillahi! Wa ya yi wa wannan asiri ta rame haka?" Ya leƙa naman da aka naɗe, ya mayar ya rufe da ladabi. "Nura, wannan ai likkafani aka yi wa kaza. Sallah za mu yi mata ko ci?"

Ko da likita ya hana shi maiƙo saboda hawan jini, cewa ya yi, "Likita, ni ba ci nake ba, bincike nake."

Daminar da ta wuce ƙafa ta ƙi. Mutumin da ya tattake Kano lungu-lungu ya koma ba ya wuce tabarmar ƙofar ɗakinsa. Ya kira ni, muryar ta yi siriri amma umarnin yana nan. "Amarya, aikin ya dawo hannunki. Duk zuwa ki taho da ɗaya."

Ran nan na makara, mota tana shirin tashi, ba inda zan samu sai wajen mutumin bakin tasha, wanda aka ba shawarar faci. Ya tsaga, ya cika, ya naɗe min a takarda. Motar a cushe take, na rasa inda zan ajiye, sai na ɗora a cinyata na rufe da hijabi. Muna zuwa mararrabar Kabo taya ta fashe. Muka zauna gindin wata bishiyar ɗorawa har la'asar, hadari yana taruwa a gabas, ni kuma ina jin ɗumin ƙullin yana ratsa zanena kamar na rungumi jariri.

Da na isa Getso na kwance takardar, kunya ta kama ni. Gurasar ta shanye man naman ta yi laushi, yajin ya narke a cikinta, ba zafi ba sanyi. Baba ya juya ta, ya shinshina, ya gutsura da sauran haƙoransa. Ya tauna. Bai girgiza kai ba.

"Ita ce."

Gidan ya ɗauki salati. Ya ce, "Wane gwani ne wannan?" Na faɗa masa. Ya gyara zama. "To, ya ji faɗa ke nan ya gyara hali. Da ma na ga alamar basira a goshinsa."

Muka kwashe da dariya har goggona tana riƙe ciki. Shi kuwa idonsa yana kan shatin mai da ya fito a zanena.

"A ina kika riƙo ta?"

"A cinya, Baba. Ƙarƙashin hijabi."

Sannan ya ce, a hankali, kamar ba da mu yake ba, "Ranar keken ɗinkin ma Kande ƙin ci ta yi a tasha, wai mutane suna kallo. A cinya ta riƙo ta ƙarƙashin mayafi, sai da muka zo gida muka raba." Ya goge ido da bakin hannun riga. "Ni ina can ina bin masu wuta, ina ci da zafi a tsaye. Ashe Kande ce ta ƙarasa gashin."

Ya raba sauran gida biyu ya miƙo min rabi. Kafin a yanke gero ya tafi, da labarinsa a baki.

Allah Ya jiƙan Baba Ilu, Ya sanyaya makwancinsa. Ya sada shi da Inna Kande a inda ba idon mutane, ta ci nata rabon ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Amin.