Kuɗin Suna

Shekarar da na gama sakandare na ƙi zaman gida, na fara dafa shinkafa da wake a bakin tashar Gummi. Tukunya ɗaya gare ni, da benci, sai bakina, wanda direbobi suka ce ya fi yajina zafi.

Wata rana wani mutum ya sauko daga motar Sakkwato, ya ci, ya ƙara, ya goge baki, ya ce shi wakilin wani gidan abinci ne mai rassa a birane, suna neman mai buɗe musu reshe a nan. Ya nuna mini hotuna a waya: kaji a cikin gilashi, 'yan mata da jajayen huluna. Nan take na hango kaina a ciki, har da hular. Ya ce sharaɗi ɗaya ne, sai na fara biyan kuɗin suna.

A gidanmu abin da za a sayar ya kai wannan kuɗi ragon Inna ne kawai. Tun yana ƙarami take ɗura masa dusa da harawa don layya, tana yi masa magana da taushin da ni ban taɓa samu ba.

Na same ta tana tankaɗe. "Inna, ki ba ni ragon ga in sayar. Kuɗin suna zan biya."

Ta aje rariya. Ta dubi fuskata, ta dubi cikina. "Ke! Wa ta haihu?"

"Haba Inna! Sunan gidan abinci."

"Gidan abincin ne ya haihu?"

Na yi bayani har na gaji. Ta ce ragonta ba ya zuwa sunan da ba ta ga mai jego ba. Ran kasuwa da mutumin ya dawo, ta yafa mayafi ta biyo ni tasha, ta zauna a bencina kamar alƙali.

Na ce, "Malam, in na biya, me zan samu?"

"Suna, ƙanwata. Da allo, da huluna."

"Tukwane fa? Janareto? Hayar shago?"

"Wannan naki ne. Kaji kuma wurinmu za ki saya. Shinkafa da waken nan sai ki daina, da yajin, ba su cikin tsarinmu. In kin saɓa, mu karɓe sunanmu."

Inna ta gyara zama. "Ɗan nan, mi ka ce? Ku karɓe? Mu nan in an yanka rago, sunan na yaro ne har kabari. Wanga suna na aro ne?"

Ya yi dariya, ya ce, "Inna, kasuwancin zamani ke nan."

Na ce, "Yajin da ka lashe faranti saboda shi ne ba ya cikin tsari? Tashi, Malam, bencin na masu cin abinci ne."

Wani direba da ke jiran a zuba masa ya ce, "Ai da ka tambaye mu. Wurin ga yana da suna tuntuni, Gidan Masifa, kuma ba mu karɓi ko sisi ba."

Ragon ya kai layya. Ni na soya shi, Inna tana tsaye a kaina wai kar in ƙona mata ɗa. Hular ce dai har yau in na tuna take ci mini rai, don da ta yi mini kyau.