Ranar da Fankar Motar Kawu Ta Tsaya

Mu biyar ne a motar ranar nan: Baba, Inna, Kawu Sale mai motar, wanda yayan Inna ne, ƙanena Sanusi, sai ni. Wata Laraba ce a tsakiyar bazara, 'yan shekaru bayan ruwa ya cika madatsar Lagdo. Ina da kamar shekara goma, Sanusi kuwa bai kai shida ba. An shimfiɗe shi a bayan motar a kan tabarma, kansa a cinyar Inna, wuyansa ya sandare ya ƙi lanƙwasa, jikinsa zau kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Sanƙarau ne, kowa ya sani, don ya riga ya ɗauki yara a unguwarmu ta masunta, amma ba wanda ya yarda ya kira sunansa. Asibitin Garwa muka nufa. Ni aiki ɗaya aka tafi da ni in yi: in riƙe jarkar ruwa, in jiƙa tsumma in miƙa wa Inna ta shafa masa, in ɗiga masa a baki idan ya nema.

Gidanmu gidan banda ne. Baba yana sayen kifi a bakin ruwa tun da sassafe, mu mata mu fafe shi, mu wanke, mu jera a kan raga bisa tanda, hayaƙi ya yi ta cin idanunmu har rana ta faɗi. Ƙarnin nan ya shiga zannuwanmu, ya shiga gashinmu, har tuwonmu ƙarni yake. Maza aka kai lekol, wato makarantar boko, ni aka ba ni wuƙa da Sanusi. A bayana ya girma. Idan na samu sararin carafke da ƙawayena a gindin darbejiya, shi ne mai kwashe mini duwatsu ya gudu, in kama shi in murɗe masa kunne, ya yi kukan ƙarya yana leƙen fuskata ta tsakanin yatsunsa. Motar Kawu ita ke kai bandarmu kasuwar Garwa, tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, ita ma ƙarni ya kama ta har cikin kujera. Kawu yana da wata dabara da yake alfahari da ita. Duk shingen jandarma sai an ɗauki kifi, kuma manya suke zaɓa, don haka sai ya naɗe mafi kyau a takardar siminti ya cusa a wani lungu a ƙarƙashin murfin inji. "Hancinsu ba ya kaiwa nan," in ji shi, yana dariya.

Da hantsi muka tashi. Mun hau kwalta ba da daɗewa ba sai motar ta fara wani irin wari, tururi ya taso daga gaba. Kawu ya gangara gefe ya kashe. Babu gari, babu inuwa, sai gonakin auduga da aka girbe da duwatsu masu ƙuna. Ya jira ta ɗan huce, ya sa tsumma ya buɗe bakin lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, ya juye galan ɗinsa duka. Ya ce ƙishirwa ce kawai, tsohuwa ce. Bai duba komai ba, sauri yake. Da a nan ya tsaya ya kalli fankar da ke hura wa tankin iska, da labarin ya zama wani. Muka ci gaba, ba mu yi nisa ba ta sake tafasa, wannan karon har ruwa na feshi ta ƙasa yana bin kwalta.

Sai a tsayawa ta biyu Baba ya leƙa ya ce, "Sale, wannan abar ba juyawa ya kamata ta yi ba?" Kawu ya matso ya leƙa. Ina tsaye a kan taya ina kallonsu, don ni tun ina ƙarama ba na kawar da ido daga abin da manya ke yi. Ya tura fankar da yatsa, ta juya sumul, ya ce to ba maƙalewa ta yi ba. Ya ciro fiyus daga ƙarƙashin sitiyari ya ɗaga wa rana, ya ga bai ƙone ba, duk da haka ya naɗe shi da takardar taba mai ƙyalli ya mayar. Shiru. Ya ƙwanƙwasa bayan fankar da sifana, ya girgiza kan batir, ya kankare shi da wuƙar Baba. Shiru. Rana ta take tsaka, ta fara karkata. A bayan mota Sanusi yana wani nishi siriri, ni ina gudu tsakanin gaba da baya, ina jiƙa tsumma, ina jin jarkar tana ƙara sauƙi a hannuna. Motoci biyu sun wuce maƙil da mutane, ɗaya ta rage gudu, da direban ya ga yaron da yadda wuyansa yake, sai ya taka ya tafi.

A ƙarshe Kawu ya kwanta a kan ƙasar nan mai zafi, ya bi wayar fankar da yatsunsa kaɗan-kaɗan, har ya kai lungun da yake ɓoye kifi. Nan ya same ta a gutsure, bawonta a cinye, ga kashin ɓera birjik da guntayen takardar siminti. Ya fito ya zauna riƙe da guntun wayar yana tsine wa ɓera. Baba bai ɗaga murya ba, abin da ya ce kawai shi ne, "In ɓera da sata, daddawa ma da wari." Kawu ya sunkuyar da kai. Ya yanko wayar fitilar gaba, ya fere bakinta da haƙori, ya haɗa fankar kai tsaye da batir. Nan take ta ɗauka, fuu, kamar ba ita ba. Gyaran da ya ci mana rabin yini bai kai tsawon alwala ba.

Amma tankin ya bushe ƙayau, galan babu ko ɗigo. Ruwan da ya rage a duniyar nan tamu shi ne na hannuna. Kawu ya zagayo baya, ya tsaya, ya kasa kallon Inna, ƙanwarsa. Ya ce, "Hadiza, in ban zuba ba, injin zai ƙone, nan za mu kwana." Inna ta ce, "Yaya, shi kuma fa?" Ta dubi Baba, Baba ya dubi hanya. Na rungume jarkar a ƙirjina na ce ba zan bayar ba. Inna ce da kanta ta ɓamɓare yatsuna. Ta jiƙa tsumman sharkaf, ta ɗiga wa Sanusi a baki, ta miƙa sauran. Har yau ina jin ƙarar ruwan nan yana sauka cikin ƙarfe.

Motar ba ta ƙara tsayawa ba. Tsumman ya bushe kafin mu yi nisa. Sanusi ya nemi ruwa, ni ya kira, ba Inna ba, don ni ya saba nema. Na ce masa mun kusa, ga kogi can gaba. Ya sake nema, sannan ya daina. Da muka hau gadar Binuwai ina kallon ruwa a ƙasa, mata na wanki, yara na wanka, sai na ga Inna ta ja gefen mayafinta ta rufe masa fuska. Ba ta buga wa na gaba gilashi ba, ta bar su suka kai mu har ƙofar asibiti. A Garwa aka rufe shi kafin magariba, muka kwana gidan Gwaggo, ƙanwar Baba. Ko da mun isa da wuri zai tashi, ko ba zai tashi ba, Allah ne masani. Inna ba ta taɓa faɗa wa yayanta baƙar magana ba, amma ba ta ƙara shiga motarsa ba har ta koma ga Allah.

Yanzu an ce duniya ta yi sauƙi. Akwai ɗakin magani kusa da unguwarmu, akwai allurar rigakafi, mota ta lalace a daji sai a kira makanike ta waya ya zo a babur. Ɗana yana da mota mai sanyi a ciki, amma ba na sa ƙafa sai ya buɗe gaba na ga fanka tana juyawa da idona, kuma jarka biyu nake sawa a ɗauka, ɗaya ta mota, ɗaya ta mutane. Jikokina suna dariya, wai Kaka da tsoro. Ina barinsu. Da Sanusi yana nan, da yanzu ya yi furfura, da shi ma yana cikin masu yi mini dariyar.

Washegarin ranar da aka rufe Sanusi, kowa yana zaman makoki a cikin gidan Gwaggo, na ɗauki bokiti da toka da soso na fita wurin motar. Ba wanda ya sa ni. Na goge bayanta, na goge lungun kifin har yatsuna suka fashe. Da na ɗaga kujerar direba sai ga sheƙa ta takardar siminti, cike da 'ya'yan ɓera jajaye, ko ido ba su buɗe ba. Na kwashe su a murfin kwano na zube wa kajin Gwaggo. Na tsaya a kansu har suka gama, sannan na wanke hannuna na shiga na kama daka.