Gwaggo Asabe da Ruwan Hawan Kibo

Duk direban da ya taɓa ɗaukar Gwaggo Asabe daga tashar Keffi zuwa Jos ya san ba a wuce ruwan nan mai zubowa daga kan dutse a Hawan Kibo sai an tsaya mata. Shekara da shekaru tana sarin dankalin turawa tana kawowa unguwar Tudun Ƙofa a Keffi, amma tun da ɗanta ya saya mata waya mai kyamara, sarin ya koma kamar uzuri.

Tsofaffin direbobi sun san hali, sababbi kuwa dabara take musu. Ina cikin motar ranar da ta yi wa wani. Muna fara hawa ta taɓa kafaɗarsa.

"Direba, tsaya don Allah, zan kama ruwa."

Bawan Allah ya gangara gefe, ya kau da kai don kunya. Gwaggo ta fita, ta gyara ɗaurin zane, ta ɗaga waya sama tana ta ɗauka. Fasinjoji suka fara tsaki.

"Haba Mama, ba kama ruwa kika ce ba?"

Ta miƙo masa wayar ta taga. "Ga shi nan na kama. Ko ƙarya na yi?"

Ranar da na gama karatu a Jos kuwa, a hanyar dawowa ta jera mu gaban ruwan, ni da rigar yaye da hula, mahaifiyata a gefena. Ta ce kar wanda ya motsa. Da muka iso gida na duba hoton. Ruwa ya fito fes tun daga ƙolin dutse, mu kuwa can ƙasa sai tsinin hulata da kan ɗankwalin Inna.

"Gwaggo, ina fuskokinmu?"

"Fuskokinku ina da su a gida, kullum sai na gan su har na gaji. Shi wannan baƙo ne."

Da wayar ta cika ta kawo min in gyara. Na ce hotunan ruwan duk iri ɗaya ne, bari in share rabi.

"Iri ɗaya a idonka. Wanda ya zubo bara ya daɗe da wucewa, ina zan sake samunsa? Share na bikin Talatu."

"Bikin 'yarki fa, Gwaggo."

"Ai auren yana nan, ba inda ya je."

Daga baya yanar ido ta rufe mata gani, har ba ta gane mutum sai da murya. Aka ba mu ranar aikin ido a wani asibiti a Jos, aka ce wanda ya makara sai wani watan. Ga shi mun fito a makare. Na raɗa wa direba cewa in mun zo wurin ya wuce shiru, ai ba gani take ba. Mota na fara nishi a hawa ta ce, "Ɗanlami, makancewa na yi, ban kurumce ba. Ka ce ya tsaya."

Na riƙe hannunta muka fita, zuciyata na kan agogo. Ta karkata kai tana sauraro, ta ɗaga waya ta ɗauka sau uku. Na kai hannu zan gyara mata saiti, ta doke shi. Muna shiga asibiti ana kiran sunanta.

Da aka cire mata bandeji, wayarta ta fara nema. Ta daɗe tana kallo. Bayan wata tirelar shanu ne ya fito a hoton, har sau uku.

"Wa ya taɓa min waya?"

"Ke kika ɗauka da hannunki, Gwaggo."

Ta ƙara matso da ita kusa da ido. "To, a bar su. Tirelar ma ba laifi."

A dawowa ba sai da ta roƙa ba, ni na tsayar da motar. Ranar ko waya ba ta ciro ba. Ta tsaya kawai tana kallo har feshin ruwan ya jiƙa mata mayafi, sannan ta ce a hankali, "Ashe haka farinsa yake."

Damina biyu ta ƙara gani da idonta bayan nan. Allah ya jiƙan Gwaggo Asabe, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.