Ƙarfen Bayan Motar Tsoho

Har yau idan na tuna na ce “na gode” a kan abin da aka yi wa motar nan, raina ɓaci yake yi.

Aikin jinya a gidaje nake yi a Staten Island, nan ƙasar Turawa. Shekaru na yi ina kula da wani tsohon Bature a Port Richmond, wanda ba ya son komai a duniya kamar wata tsohuwar motarsa mai ƙofa biyu, irin masu ƙugin nan da ake ji daga layi na uku. Da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, ni ya mayar idonsa. Sai in tura kekensa gareji, in kwanta ƙarƙashin motar da tocila, yana faɗa ina dubawa. A haka ya koya mini bak-aksil, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya: yadda ake ƙirga notunan murfin tulun da ke tsakiyarsa, da inda aka buga lamba a jikinsa. Lambar ce shaidar cewa da shi motar ta fito daga masana'anta. Masu son irin waɗannan motoci ba fenti suke fara kallo ba, ƙasa suke leƙawa.

Da ya rasu ya bar mini ita, da roƙo ɗaya: in kai ta taron tsofaffin motoci da abokansa ke yi duk bazara, yadda take, kada a canja mata komai. Na amsa masa, hannunsa a cikin nawa.

Sai mahaifiyata ta kwanta ciwo, na tafi Kano. Na bar makulli wurin mijina, mutumin da bai san bambancin mota da injin markaɗe ba. Shi kuma ya miƙa wa yayansa, bakanike ne daga Maraɗi, mai jefa Faransanci a magana, yana da ɗan gareji a unguwar Jamaica ta nan garin.

Na dawo na tarar da ita a ƙofar gidanmu a Park Hill, an wanke ta tas. Amma tsayuwarta ba ta yi mini ba, tayoyin baya sun ɗan leƙo waje. Ko mayafi ban cire ba na durƙusa. Wani baƙin ƙarfe na gani mai sheƙi, ba tsatsa, ba lamba, notunan ma ba su cika ba. 

Da yamma Yaya ya zo yana washe baki.

“Maman yara, kin ga aikina? Bon, wancan tsohon ƙarfen yana kuka kamar tunkiya. Na sa miki na wata akori-kura, sabo kar. Kyauta ce, kada ma ki yi zancen kuɗi.”

“Yaya, ina tsohon?”

“Ya tafi gida a kwantena. Goggonmu ta can Maraɗi ta daɗe tana son amalanken jaki, ƙarfen mato irin wannan ai shi ne daidai.”

Amalanken jaki! Ƙarfen da mutum ya yi rabin rayuwarsa yana shafa wa mai, an ɗora shi jirgin ruwa zai je ɗebo taki. Na buɗe baki zan yi magana, maigidana ya taka mini ƙafa. Babban yaya ya yi miki aiki kyauta, da gumin jikinsa, a gaban yara, me za ki ce? Na sunkuyar da kai na ce, “Na gode, Yaya, Allah ya saka da alheri.” Har shayi na dafa masa. 

Abin da ya fi ci mini rai, ba mugunta ya yi ba. Mu haka muke, tsohon abu ciwo ne, sai an rabu da shi, kuma kayan ƙani na yayansa ne, ba a tambaya. Da ya tafi na sauke wa maigidana duk abin da na haɗiye. Ya ce, “Ƙarfe ne fa, ba mutum ba.” Na ce a kira Maraɗi a dawo da shi. Ya ce in ina da fuskar da zan ƙwace wa tsohuwa amalanke, ga waya nan. Ba ni da ita.

Bazara ta zo, na kai motar taron, don alkawari ne. Babban aminin marigayin, tsoho mai sanda, ya rungume ni. Sannan ya dafa motar, ya durƙusa da ƙyar a kan gwiwoyinsa masu ciwo, ya leƙa. Ya daɗe a ƙasa. Na miƙa hannu in taimake shi ya tashi, bai kama ba.

Ya kakkaɓe wandonsa, ya ce a hankali, “Ya gaya mana ke ba za ki sayar ba.”

Turanci bai taɓa gagara ta ba a garin nan. Amma ran nan na rasa yadda zan yi masa bayanin cewa alheri aka yi mini.