Shekarar da Gonar Nababa ta Zama Fili

Har yau, idan aka zauna a gindin ɗinyar ƙofar masallaci bayan la'asar aka tuno kofin da ya kuɓuce wa Unguwar Ɗinya, alƙalin wasa ake zagi. Wani ya ce surukin 'yan Bacirawa ne, wani ya ce ai da ma ido ɗaya yake gani da shi. Malam Nababa yana zaune a gefe yana gyaɗa kai, ba ya cewa uffan. Ni da gonata ke iyaka da tasa na san dalilin shirunsa, kuma kowa ma ya sani. Alƙalin wasa dai ya fi daɗin zagi, tunda ba a garinmu yake kwana ba.

Nababa manomi ne, bai taɓa sa ƙafa ya taɓa ƙwallo ba. Har yanzu idan aka ɗaga tuta sai ya tambayi na kusa da shi laifin wa ne. Amma ban taɓa ganin mutumin da ƙwallo ta shiga ransa kamar shi ba. 'Ya'yansa maza duk sun tafi Kano neman abinci, gidan ya rage daga shi sai matarsa Larai, ina jin hayaniyar samarin ce ta fara jan sa.

A wajenmu, can gefen Zakirai, babu ƙasar da ke zaman banza. Gona na jingine da gona, ba mu da makarantar da za a ce ga filinta. Saboda haka duk shekara da an girbe gero an kwashe kara, sai Nababa ya ba samarin gonarsa su yi wasa har zuwa faɗuwar ruwa. Shi ya saro darbejiya ya kafa musu raga, shi yake kawo musu ruwan sha a jarka a bayan kekensa. Abu ɗaya ne ba a taɓawa: kunyoyin huɗa suna nan yadda shanu suka bar su, a jere tun daga raga har raga.

A kan waɗannan kunyoyin yaranmu suka koyi ƙwallo. Suna gudu suna ɗaga ƙafa kamar zalɓe. Ba sa ba da fasin a gicciye, sai dai su jefa ƙwallo cikin kwarin kunya ta miƙe sak har gaban gola, babu mai tare ta. Baƙo kuwa kafin ya gane inda ƙwallo za ta yi tsalle ya sha ƙasa sau ba adadi.

A shekarar da nake magana aka haɗa gasa ta ƙauyukan yankin. Idan muka je gidan wasu, inda ake wasa a filin makaranta, da ƙyar muke tsira da kunnen doki. Amma duk wanda ya zo gonar Nababa sai ya koma da ƙwallaye a raga da ciwon idon sawu. Minjibir sun zo da takalmansu masu ƙusa, sun koma ana riƙe da biyu daga cikinsu. Mu kuwa muka ce ai baiwa ce Allah ya ba yaranmu. Masu tallan gyaɗa suka samu kasuwa, tsofaffin da ke cewa ƙwallo aikin marasa aiki ne suka fara zuwa da tabarmarsu. Ba mu taɓa jin daɗin rani irin wannan ba.

Haka muka kai wasan ƙarshe da wata ƙungiya daga Bacirawa, can bakin birnin Kano, gida da waje. A can suka ci mu ɗaya, ba mu damu ba, domin mun san za su zo mana. Sai dai a bakin mota, muna shirin dawowa, wani matashi cikin magoya bayansu ya leƙo ta taga yana dariya.

"Mun ji a gona kuke wasa. In za mu zo mu taho da fartanya ko akwai a can?"

Kowa ya yi dariya ya manta, ban da Nababa. Washegari na gan shi tsaye a bakin gonar yana kallon ta kamar ranar ya fara ganin ta.

"Mutanen birni za su zo," ya ce da ni. "Ba za a yi mana dariya a kan gonata ba."

Sai ya kira gayya. Kuma gari ya amsa, don maganar ta yi wa kowa zafi da aka maimaita ta. Aka fito da fartanya da shebur da manjagara, aka baje kunyoyin nan kaf, aka tone tushiyar kara, aka yayyafa ruwa. Mata suka fito da madaɓai suka bi ƙasar suna daɓewa suna waƙa. Larai ta tsaya da nata madaɓin a hannu ta ce, "Malam, ɗakina tun yaushe nake roƙon a yi masa daɓe, ashe sai na zama 'yar ƙwallo." Ta faɗa, kuma ta sunkuya ta ci gaba da aiki.

Mutum ɗaya ne ya so ya yi magana, Uzairu, kyaftin ɗin yaran. Ya zo ya durƙusa gaban Nababa yana sosa ƙeya.

"Baba, da an bar ta yadda take ma ai babu komai."

"Haba Uzairu, kada ka damu da wahalata," in ji Nababa. "Kun fi ƙarfin haka a wurina."

Yaro ba ya ja da dattijon da ya ba shi aron gona. Uzairu ya ce ya gode, ya tashi ya ɗauki manjagara.

Ranar wasa fili ya fito sumul, an zana layi da toka. Nababa ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya zauna a kujera a gefen layi. 'Yan Bacirawa suka sauko daga mota, suka taka ƙasar, suka kalli juna. Na ga ɗaya ya buga ƙwallo a ƙasa ta dawo hannunsa daidai, ya yi murmushi.

Abin da ya biyo baya ba ni son tuna shi. Yaranmu suna ɗaga ƙafa suna tsallake kunyoyin da babu su. Uzairu ya jefa ƙwallo inda kwarin kunya yake a da, ta gangara ta tafi wajen baƙo. Su kuwa suka shimfiɗa ta a ƙasa, daga wannan zuwa wancan, kamar a tsakar gidansu. Golanmu Badaru, wanda ya saba ƙwallo ta yi tuntuɓe ta rage gudu kafin ta iso shi, sau uku yana shiga raga yana ɗauko ta. Gaskiya ne alƙalin wasa ya hana mu wani bugun fanareti ana dab da tashi. Allah ya saka masa da alheri, da bai hana ba da ban san abin da za mu riƙa faɗa ba duk shekarun nan.

Da aka tashi, kocin Bacirawa ya ratso mutane da kofin a hannunsa, ya zo har gaban Nababa ya rusuna. Mutumin kirki ne, ba da izgili ya zo ba.

"Baba, an ce kai ne mai wurin nan. Wallahi an tsorata mu da shi. Amma filinka ya fi namu kyau."

Maganar da Nababa ya tara gari guda don ya ji ke nan. Ya kama hannun mutumin da hannu biyu ya ce, "Madalla, mun gode." Tausayinsa ya kama ni har na kau da kai.

Ba a daɗe ba ruwa ya sauka. Ƙasar da aka daɓe ta ƙi shan ruwa, shanun huɗa suka wahala kafin garma ta shiga, geronsa na wannan shekarar bai yi abin kirki ba. Bai yi ƙorafi ba. Ranar huɗar ina daga gonata ina jin sa yana bin mai huɗa a baya.

"Danna ta sosai. Ɗaga min kunyar nan."

"Malam, gero ai ba ya buƙatar tsayi haka," in ji mai huɗa.

"Na sani," Nababa ya ce. "Ɗaga dai."