Sallar Azahar a Dajin Mafarauta

Mun tashi da asuba daga Fordham Road, titin unguwarmu ta Bronx a nan ƙasar Turawa, ni da maƙwabcina, mutumin Kumasi mai tuƙin tasi. Shi ya daɗe yana damuna cewa daga asibitin da nake aiki sai gida, ban san komai a ƙasar nan ba. Ranar Asabar ɗin nan ta watan Nuwamba na gaji da gorinsa, na ce mu je yawon daji a motarsa.

Hanyar arewa sumul take, ba rami ko ɗaya. Mun tsaya gidan mai muka sayi shayi mai tsada wanda ko ɗumi bai yi ba, muka haɗa da burodin da matata ta ƙunsa mana. Da hantsi muka isa gindin duwatsun Catskill. Yawancin ganye ya zube, ƙasa ta yi ja kamar an shanya barkono. Duk wanda muka gani a wurin ajiye motoci sanye yake da riga ko hula ruwan lemo, har karnukansu. Muka yi ta dariya, muna cewa masu gyaran titi sun fito yawo. Ni kuwa jaket ɗina ruwan ƙasa, ga farar hulata.

Hawan ya ba ni wuya, numfashina har fita yake kamar na tsohon injin niƙa. Daga nan hanyar ta gangara cikin wata fadama, inda aka shimfiɗa katakai a kan laka. Shirun wurin bai yi mini daɗi ba, ni da na saba da ƙarar jirgin ƙasa.

Da azahar ta yi, muka yi abin da muka tashi muka ga ana yi: ba a salla a kan hanya mutane suna gifta ka. Sai muka ratse, muka kutsa daji sosai har muka daina jin muryar kowa. Muka yi alwala a wani rafi mai sanyin ƙanƙara, na shiga gaba.

Ina ruku'u a raka'a ta biyu na ji ƙarar bindiga daga wani tudu. Ban katse sallar ba. Sai kuma na ji ganye yana ƙara kusa da mu, taku ɗaya, shiru, wani takun. Wallahi ban san abin da na karanta a sauran sallar ba. Ga shi ba halin waiwaye.

Muna sallamewa muka gan shi: wani dattijon Bature cikin rigar ruwan lemo, bakin bindigarsa a ƙasa. Ya fi mu firgita. Ya zauna a kan kututture, ya ce harbin da muka ji ba nasa ba ne, amma shi ya hango baya ruwan ƙasa a sunkuye da wani abu fari, kuma wutsiyar barewar dajin nan fara ce. Ya riga ya saita ni, sai ya ga na miƙe tsaye. Lokacin farauta ne, shi ya sa kowa ya sa ruwan lemo don kada a ɗauke shi dabba a harbe, mu kaɗai ne ba mu sani ba.

Maƙwabcina ya kama hannuna ya ce, "Malam, mu tafi gida. Yawon ya ishe ni haka."

Dattijon ya raka mu har kan katakan fadamar, yana tafe yana ɗaga murya don sauran mafarauta su ji. Muka shiga mota, ba mu tsaya ko'ina ba har muka shigo Bronx bayan magariba.

Abin da na koyo shi ne, idan ka ga mutanen wuri duk sun yi abu iri ɗaya, ka tambaya kafin ka yi dariya. Kuma a dajin nan, inda za a gan ka nan za ka yi salla.

Ƙaramar 'yata ce ta buɗe mini ƙofa, tana tsalle tana tambayata da Turanci ko na ga barewa. Na ce mata a'a, na ɗauke ta na rungume har ta fara cewa in sake ta. Ban gaya mata cewa yau babanta ne barewar ba.